Shafin da ke leƙowa kafin ya gama shiri

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin intanet a wayarsa a Garwa da magariba, lokacin da kowa ya hau layi, ya san wannan abu ko da bai san sunansa ba. Rubutu zai zubo a hargitse, maɓallai a warwatse, can sai komai ya yi tsalle ya koma mazauninsa. Yatsan da ya nufi "aika" sai ya dira a kan "soke". Magina shafuka suna kiran matsalar FOUC a taƙaice, sunan da ke yawo tun 2001. Amarya ce ta fito tsakar gida kafin a gama mata kwalliya.

Shafi yana tsayuwa ne a kan abu uku: HTML shi ne jiki, CSS sutura, JavaScript kuma motsi. A 2011 Alex Russell na Google ya gabatar da wata dabara da ke ba magini damar ƙera ɓangarorin shafi na kansa, ya raɗa musu suna, ya yi ta amfani da su kamar bulo. YouTube da GitHub duk suna aiki da irinsu. Sai dai burauza ba ta san baƙon ɓangaren ba har sai JavaScript ya iso ya gabatar da shi, kuma suturarsa tana kulle a wani keɓaɓɓen ɗaki da JavaScript ɗin ne ke gina shi. Kafin isowarsa, tsiraicin ake gani.

A ofishin da ke da intanet mai ƙarfi a Duwala, tazarar ba ta wuce ƙiftawar ido ba, shi ya sa maginin ba ya ma lura da ita. A Gidar ko Pitowa, da layi mai rauni da waya mai araha, sai a yi ta ƙirga daƙiƙoƙi.

Maganin da aka fi sani shi ne ɓoyewa. Da ƙa'idar :not(:defined) a CSS ana lulluɓe ɓangaren har ya shirya, kuma mai hankali yakan tanadar masa tsawo da faɗi don kada sauran rubutu ya motsa. Amma wannan rufin asiri ne kawai. Idan layi ya yanke JavaScript bai iso ba, mai karatu ya ƙona kuɗin datarsa a kan farin allo. Gara rubutu mara ado da babu rubutu.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a aiko da suturar tare da jikin tun daga sabar, ta amfani da shadowrootmode a cikin HTML. Chrome 111 da Safari 16.4 sun karɓe ta a watan Maris na 2023, Firefox 123 ya bi sahu a Fabrairun 2024. Tsofaffin wayoyin da ba a sabunta ba za su ci gaba da buƙatar rubutu na gaske a cikin ɓangaren, wanda zai karantu ko babu ado.

Matasan da ke koyon wannan sana'a a Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, ba sa buƙatar sayen komai don gwaji: a cikin kayan aikin magina na Chrome akwai wurin rage gudun layi zuwa 3G. Su kunna shi kafin su miƙa wa kowa shafi.