Hanyar Burji a Runka: Wa Ke da Alhakin Gyara?

Da zarar ruwan Agusta ya sauka, hanyoyin da suka haɗa ƙauyukan Safana da Batsari da kasuwar Runka sai su koma taɓo. Akori-kura ta ɗauko buhunan gero, ta zo bakin kwalbatin da ruwa ya ɓalle, tayar baya ta nutse har gindi. Yaran mota su sauke kaya, su cusa kara da duwatsu a ƙarƙashin taya, a yi ta turi.

Hanyar burji ba ta son a yi mata watsi. Tana buƙatar gireda ta kankare ta, a zuba sabuwar marmara, a yashe magudanar ruwa kafin damina. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora irin wannan aiki a wuyan ƙananan hukumomi, amma shekara da shekaru kasonsu yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma albashi ke cinye mafi yawansa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye.

A wannan yanki abin ya wuce batun fatauci. Dajin Rugu yana kusa, kuma lalacewar hanya na jinkirta isowar jami'an tsaro idan 'yan bindiga suka kawo hari, tana kuma tsayar da mai naƙuda a hanyar asibiti. Aikin gayya na cike ramuka, amma ba zai iya gina kwalbati ba. Wannan nauyin majalisun Safana da Batsari ne.