THALES: KAMFANIN DA YA ƘERA IDON DA KE GADIN SARARIN SAMANIYARMU

Daga Wakilinmu

Duk matafiyin da ya shiga jirgin sama daga Kano zuwa Ikko, bayan kiyayewar Allah, amanar ransa tana hannun mutum biyu ne. Na farko shi ne matuƙin jirgin, na biyu kuwa wani ma'aikaci ne da ke zaune a ƙasa, ya zuba wa wani allo ido, yana ganin kowane jirgi kamar ɗigon haske. Na'urar da ke kawo masa wannan hoto ita ake kira rada, kuma wadda gwamnatin tarayya ta saya don ta game ƙasar nan aikin wani kamfanin Faransa ne mai suna Thales. Mutane kaɗan ne suka san sunansa, amma ya kamata a san shi, domin labarinsa yana nuna inda ƙarfin ƙasashe yake a wannan zamani.

Asalin kamfanin daga kamfanoni biyu ne. Ɗaya shi ne Thomson-Houston na Faransa, mai kayan lantarki, wanda aka kafa cikin 1893, ɗayan kuma CSF, gwanin aikin rediyo da waya maras igiya. Cikin 1968 aka haɗa sashen lantarki na Thomson da CSF, aka sami Thomson-CSF. Gwamnatin Shugaba Mitterrand ta mayar da shi mallakar hukuma cikin 1982, sa'an nan cikin 1998 aka sake buɗe shi ga 'yan kasuwa. A shekarar 2000 ya sayi kamfanin Racal na Ingila, ya kuma ɗauki sunan Thales, wato sunan wani masanin Girka na zamanin da. Duk da wannan jujjuyawa, gwamnatin Faransa ba ta taɓa sakin linzaminsa gaba ɗaya ba, ta riƙe wajen kashi ɗaya bisa huɗu na hannun jarinsa, kamfanin Dassault mai ƙera jiragen yaƙi shi ma ya riƙe kwatankwacin haka.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa kayan yaƙi da jirgin fasinja, balle jirgin ƙasa? Amsar ita ce ilmin ɗaya ne, wato gano inda abu yake, da inda ya dosa, da irin gudun da yake yi, sa'an nan a isar da labarin nan take. Radar da ke hancin jirgin yaƙin Faransa mai suna Rafale aikin Thales ce. Da wannan ilmi ne ya shiga ƙera taurarin ɗan Adam, inda cikin 2007 ya haɗa gwiwa da wani kamfanin Italiya suka kafa Thales Alenia Space. Da shi ne kuma ya yi na'urorin ba jiragen ƙasa hannu, waɗanda ke sa kowane jirgi ya riƙa shaida wa kwamfuta inda yake don kada ya cim ma na gabansa. Alhazan da suka hau jirgin ƙasan nan da ke zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda ya fara aiki cikin 2010, sun ci moriyar wannan na'ura ko da ba su sani ba. Sashen jiragen ƙasan dai kamfanin ya sayar wa Hitachi na Japan cikin 2024.

A nan gida, cikin 2003 ne gwamnatin tarayya ta ba Thales kwangilar kafa radar da za ta game Nijeriya duka, aikin da aka sa wa suna TRACON. Amma aikin ya yi ta jan ƙafa, kuma kafin a gama shi ƙasa ta ga abin da rashin ido ke jawowa. Ran 22 ga Oktoba, 2005, jirgin Bellview ya tashi daga Ikko da dare zai tafi Abuja, ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 117 suka rasu. Sai da aka kwana ana nema, har aka yi ta ambaton wani wuri can a Jihar Oyo, kafin a gano tarkacensa a ƙauyen Lisa na Jihar Ogun, ba nisa da inda ya tashi.

Sai cikin Oktoba 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe aikin. An kafa tashoshi tara: Ikko, Abuja, Kano, Fatakwal, Maiduguri, Ilori, Numan, Obubra da Talatar Mafara. Radar kuwa iri biyu ce. Ta farko tana aika igiyar rediyo sama, in ta bugi jikin jirgi ta dawo, kamar yadda amsa-kuwwa ke dawowa daga dutse, daga nan a lissafa nisansa. Ta biyu tambaya take yi, wata 'yar na'ura da ke cikin jirgin ta amsa da lambarsa da tsawon da yake a sama. Manyan filayen nan huɗu aka sa wa iri biyun duka, sauran biyar kuwa mai tambayar kaɗai. Ke nan jirgin da ya kashe na'urarsa da gangan, mai tambaya ba ta da yadda za ta yi da shi.

To, amma kasuwar makamai ba ta rasa ƙura, kuma Thales bai tsira daga gare ta ba. Cikin 1991, lokacin yana Thomson-CSF, ya jagoranci sayar wa Taiwan jiragen ruwan yaƙi shida. Yarjejeniyar ta hana biyan 'yan tsakani la'ada, amma daga baya masu sulhu suka yanke cewa an biya. Cikin 2011 wata kotu a Paris ta tabbatar da hukuncin a biya Taiwan Yuro miliyan 630. Abin lura a nan shi ne, wajen miliyan 460 daga baitulmalin Faransa suka fito, domin ma'aikatar gwamnati ce ta ƙera jiragen. Wato wasu suka ci, talaka mai biyan haraji ya wanke kwano. A Afirka ta Kudu ma an gurfanar da reshen kamfanin tare da tsohon Shugaba Jacob Zuma kan cinikin makamai na 1999. An buɗe shari'ar cikin 2021, dukansu suka musanta laifin, aka kuma yi ta ɗage zaman.

Babban darasin da ke cikin wannan labari ya wuce na cin hanci. Abin da irin waɗannan kamfanoni ke sayarwa shi ne sani, ƙarfen da ake gani a kan hasumiya kuwa kwanso ne kawai. Ranar da aka yanka ƙyallen buɗe aiki, ranar ce hulɗa ta fara, domin kayan gyara da sabunta tsarin kwamfutar duk daga wurin maƙerin za su zo, kuma da kuɗin ƙasashen waje za a biya. Rada ba ta hutu dare da rana, ba ta kuma jure ɗaukewar lantarki, ga zafi, ga ƙurar hunturu. In kuɗin gyara ya makara, allon nan na iya dushewa alhali jirage suna sama.

Saboda haka duk lokacin da hukuma za ta sa hannu a kan irin wannan kwangila, akwai tambayoyin da suka fi farashi muhimmanci. Injiniyoyinmu nawa za a koyar har su iya buɗe cikin na'urar? Shekara nawa aka lamunce kayan gyara, kuma a kan nawa? Wa zai duba takardun don a tabbata babu la'adar ɓoye? Muna da Makarantar Koyon Aikin Jiragen Sama a Zariya tun 1964, muna da jami'o'i masu yaye injiniyoyi kowace shekara, ya kamata a rubuta rabonsu a cikin yarjejeniya tun daga farko. Faransa ta fi shekara ɗari tana renon wannan sani, ta kuma ƙi sakinsa ko da ta sayar da hannun jari. Mu kuwa da muke saye, sai mu tuna da abin da magabata suka ce, zanen aro ba ya rufe katara.