Fuloti: Kalmar Turanci da ke cinye gonaki a arewacin Kano

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Katsina ya wuce Dawanau, ko ya nufi Minjibir da Ɗambatta, zai riƙa hango ƙananan turakun siminti a jere a tsakiyar karan dawa. Gonar tana nan, amma sunanta ya riga ya sauya. Ta zama fulotai.

Asalin kalmar ita ce "plot" ta Turanci. Bakin Bahaushe ne ya gyara ta: ya mayar da "p" ta koma "f" kamar yadda ya yi wa fensir da fasinja, ya raba baƙaƙen da suka haɗu, ya rufe da wasali. A wajen masu harshen, kalmar na nufin ɗan yankin ƙasa da aka keɓe, ko don gini ko don shuka kayan lambu. Tana kuma nufin zaren labari, har ma da makirci, abin da wasu magada da aka sayar musu da gona a bayan idonsu ba za su yi musu a kai ba.

Da ta shigo Hausa sai ta ƙuntata. Babu wanda yake cewa ya tafi fulotinsa noma. Fuloti wurin gini ne, ko kuma wurin ajiye kuɗi kafin farashi ya tashi.

Kafin zuwanta, manomin wannan yanki yana da kalmominsa na mallaka, kuma kowacce tana faɗin alaƙar da ke tsakanin mutane. Akwai gandu, wanda gida ke nomawa a ƙarƙashin maigida. Akwai gayauna, ɗan abin da aka yankar wa ɗa ko mata su noma wa kansu. Akwai aro, da haya, da jingina, inda mai gona kan karɓi kuɗi ya bar ta a hannun wani har ranar da ya biya. Wanda ya jinginar yana da ranar dawowa. Wanda ya yanka fulotai ba shi da ita.

Ma'auni ma ya bambanta. Gona ana kimanta ta da yawan damin da take bayarwa, ita kuwa fuloti da ƙafa: hamsin da hamsin, ko hamsin da ɗari. Eka guda ƙafa 43,560 ce murabba'i, wato kusan fuloti 8 masu hamsin da ɗari, ko 17 masu hamsin da hamsin idan ba a bar hanya ba. Masu yanka da yawa kuwa ba sa son barin hanyar, shi ya sa sabbin unguwanni ke tashi da lungunan da mota ba ta shiga.

Ƙasar da ake yankawa ba saura ba ce. Tun 1965 masani Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka wallafa bincike a kan karkarar da ke kewaye da Kano, inda jama'a suka yi yawa har ake noma gona kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa. Ƙarfin irin wannan gona aikin kakanni ne na shekara da shekaru.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa mai sayarwa laifi kai tsaye. Gonar da aka raba wa 'ya'ya goma, sannan aka sake raba wa jikoki, ba ta ciyar da kowa. Ga kuɗin taki, ga aurar da 'ya, ga asibiti. Idan dillali ya zo da kuɗin da noman shekaru ba zai kawo ba, da wuya a ce masa a'a.

Inda ake yawan shiga ruɗani shi ne takarda. Mutanen Kano sun raba fuloti gida biyu: awon gwamnati da awon igiya. Na igiya shi ne wanda mai gona da dillalai suka auna da kansu, aka rubuta takardar ciniki, mai unguwa ko dagaci da shaidu suka sa hannu. Wannan takarda shaida ce ta cewa an yi ciniki, amma ba ita ce takardar mallaka ta hukuma ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Idan gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kai.

Ke nan wanda ya sayar da shanunsa ya sayi fuloti a bakin titi, ya kafa turaku huɗu ya tafi, zai iya wayar gari an ja layin hanya ta kansa, alhali babu bulo ko ɗaya da za a ƙiyasta masa.