Wuta Ba Ta Cinye Giyar Da Aka Zuba A Miya

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu koyar da girki ta waya da ma'aikatan manyan otal-otal, wai idan aka zuba giya a girki wuta ce ke cinye ta, ƙamshi kawai ke saura. Maganar nan ba gaskiya ba ce, kuma an daɗe da gwada ta a ɗakin bincike aka ga ba ta da tushe. Duk da haka 'ya'yanmu na haɗiye ta ba taunawa, don kawai wanda ya faɗa yana sanye da doguwar farar hular kuku, ko yana da ɗimbin mabiya a TikTok.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru da 'yar ƙanena, amarya da ba ta cika shekara a ɗakinta ba, suna zaune a Abuja. Yarinya ce mai kamun kai, ta sauke Alƙur'ani, ta yi digiri. Maigidanta zai dawo daga tafiya, ta ce bari ta tarbe shi da abin da bai saba ci ba. Ta gyara tebur, ta kunna kyandir, ta gasa masa yankan nama mai kauri irin na Turawa, wanda ake kira sitek, da wata jar miya mai sheƙi da ake kwarara masa a kai. Duk daga wani bidiyo ta kwaso. A jerin kayan haɗin akwai kofi guda na giyar inabi ja, amma mai bidiyon ta kwantar wa masu kallo hankali cewa da zarar ta tafasa shi ke nan, barasar ta tashi. Yarinya ta shiga wani babban kanti, ta sami kwalbar a kantar da aka jera khal da man zaitun, nesa da sashen kayan maye, an rubuta a jikinta cewa ta girki ce. Ta saya, ta zuba, ta bar shi 'yan mintuna a wuta, suka ci, maigida ya yaba. Washegari ta turo hoton abincin a zauren dangi na WhatsApp. Da na tambaye ta me ya ba miyar wannan launi, sai ga hoton kwalba.

Na kira ta nan take. Ta ce, "Gwaggo, ai ba ta sha ba ce, ta girki ce, kuma wuta ta cinye ta." Na ce, "'Yar nan, juya kwalbar ki karanta mini abin da ke bayanta." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta karanto adadin barasar da ke ciki, ya haura kashi 10 cikin 100. Daga nan sai salati da kuka.

Niyyarta mai kyau ce, wannan ba na musu. Abin da ke ba ni haushi shi ne sakacin. Mutum ya iya zama ya karanta duk sharhin da aka yi a ƙasan bidiyo, amma layi uku da ke bayan kwalbar da zai juye a cikin mijinsa ya gagare shi. Abin da ake kira giyar girki giya ce sak. Bambancinta da wadda ake sha shi ne an zuba mata gishiri don kada ta shawu, kuma wannan gishirin ne ya sa a ƙasashe irin su Amurka ake jera ta cikin kayan miya. Gishiri kuwa bai rage mata barasa ko ɗigo ba.

To, ina batun wuta? Inda maganar ta samo asali shi ne barasa zalla tana tafasa a zafin digiri 78, ruwa kuma sai ya kai 100. Sai mutane suka ɗauka kafin miya ta tafasa barasar ta riga ta gudu. Ba haka abin yake ba. Idan barasa ta gauraya da ruwa, tare suke fita a cikin tururi, a hankali a hankali, kuma muddin akwai ruwa a kasko akwai saura. A shekarar 1992 masu bincike daga jami'ar Idaho da jami'ar jihar Washinton, tare da ma'aikatar noma ta Amurka, sun dafa abinci iri shida da giya, suka auna abin da ya rage. Alƙaluman da ma'aikatar ke amfani da su har yanzu sun nuna cewa idan aka zuba giya a ruwa mai tafasa aka sauke nan take, kashi 85 cikin 100 na barasar na nan. Idan aka bar girkin yana dahuwa minti 15, saura kashi 40. Rabin awa, kashi 35. Awa ɗaya, kashi 25. Awa biyu, kashi 10. Ko da an kai awa biyu da rabi, akwai wajen kashi 5. Wasan nan kuma da kuku ke yi a gaban baƙi, ya zuba barasa a kasko ya kyasta mata wuta ta yi bal, mutane na tafi suna ɗaukar hoto, shi ne ma ya fi yaudara: kimanin kashi 75 na nan daram bayan harshen wutar ya mutu.

Gaskiya ne faɗin kasko da ƙarfin wuta na rage adadin fiye da yadda tukunya mai zurfi za ta yi. Amma miyar sitek miyar gaggawa ce, ana haɗa ta a ɗan lokacin da nama ke hutawa a faranti, minti biyar zuwa goma. Giyar inabi yawanci tana da barasa kashi 12 zuwa 14. Kofi ɗaya mai mililita 250 ke nan yana ɗauke da barasa zalla wajen mililita 30 ko fiye. Kowa ya yi lissafin abin da minti biyar zai bari.

Wani zai ce ai wannan ɗan abin ba zai sa maye ba. Ban ce zai sa ba. Amma duk wanda ya zauna gaban malami ya san ƙa'idar: abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ballantana saye da ajiyewa a gida. Ban da addini ma, akwai mai juna biyu da likitoci ke cewa ta nisanci barasa gaba ɗaya, akwai yara da ke lasar ragowar faranti, akwai mai shan Flagyl, maganin da kusan kowane gida ya sani, wanda likitoci ke gargaɗin kada a haɗa shi da barasa. Don haka ko wanda addininsa bai hana shi ba, idan ya gayyaci baƙi, haƙƙinsu ne ya faɗa musu abin da ya zuba a tukunya kafin su kai loma.

Masu wannan girki ba su ɓoye wa kowa komai ba. Abincin Faransa ne, kuma a can giyar inabi a kicin tamkar daddawa ce a wurinmu. Miyar da ake kira bordelaise sunan yankin Bordo ta ɗauko, wanda ya shahara da giyar inabi, ana yin ta da jar giya da ƙananan albasa da ɓargo. Naman da ake kira bourguignon a cikin giyar yankin Burgundi ake dafa shi. Coq au vin kaza ce da aka dafa a giya. Steak au poivre, mai miyar masoro da kirim, yawanci da barasar cognac ake haɗa shi, haka ma steak Diane. Bafaranshe na jin sunan ya san abin da ke ciki. Mu ne ke shiga otal a Abuja ko Legas ko Yamai, mu nuna suna da yatsa don ya yi mana daɗin ji, muna kunyar tambaya kada a ce mu 'yan ƙauye ne. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka iya Faransanci, da zarar sun ga vin rouge, vin blanc ko flambé a takardar abinci sun san zancen. Kuma ba a abincin Turawa kaɗai abin ya tsaya ba. Girkin Sin na yawan amfani da giyar shinkafa mai suna Shaoxing, na Japan da mirin, har kayan zaƙin nan na Italiya, tiramisu, sau da yawa da giyar Marsala ake yin sa, kuma shi ko wuta ba ya gani.

Idan za a tambaya a otal, a iya tambaya. Yaron da ke kawo abinci ba shi ya girka ba, kuma amsar da ta fi zuwa masa da sauƙi ita ce a'a, ko kuma wuta ta cinye. A ce masa ya shiga ciki ya tambayi kuku ko an zuba giya ko barasa a miyar, ko an jiƙa naman a ciki. Idan amsar ta zo da inda-inda, a ce a kawo naman zallansa ba miya, da ɗan man shanu da masoro. Kuɗinka ne, ba alfarma aka yi maka ba.

Kwalaben nan da ake rubuta musu babu barasa su ma iri biyu ne. Akwai ruwan inabi da aka sa wa gas, bai taɓa tsima ba. Akwai kuma wanda giya ce aka yi ta sannan aka zare barasar, kuma a ƙasashe da dama doka ta yarda ya rage har kashi 0.5 cikin 100. A duba lambar, a tambayi malami. Haka nan khal ɗin da aka yi daga giya, malamai sun yi bayani a kansa kuma akwai saɓani. Mai son fita daga shakka ga lemon tsami.

Abin takaicin shi ne duk wannan wahala ba ta ma zama dole ba. Aiki uku giya ke yi a miyar: tana ɓamɓaro ƙanzon naman da ya kama kasko, wanda shi ne zuciyar ɗanɗanon, tana ba da ɗan tsami da ke yanke maiƙo, tana ba da launi. Zoɓon da ke cikin kwanon kowace uwargida yana yin duka ukun. Ki jiƙa ɗan zoɓo a ruwan zafi ya yi kauri, ki tace, kada ki sa sukari ko kayan ƙamshin sha. Ki sami tsokar gadon bayan sa, a yanka miki da kaurin yatsa biyu. Ki goge ruwan jikinta sosai, don jiƙaƙƙen nama ba ya gasuwa, sulala yake yi. Ki barbaɗa gishiri da masoro, ki bar kasko mai nauyi ya yi zafi ƙwarai, ki ɗan zuba mai, ki shimfiɗa naman ki ƙyale shi, ban da juye-juye, kamar minti uku zuwa huɗu kowane gefe. Ki cire ki rufe shi ya huta. A kaskon nan dai, ba tare da kin wanke ba, ki soya yankakkiyar albasa da tafarnuwa a man shanu, ki zuba rabin kofin zoɓon, ki sa cokalin katako ki kankare ƙanzon ya narke a ciki. Ki ƙara kofi ɗaya na romon ƙashi, ki bar shi ya tsotse ya koma rabi. Idan tsamin ya yi yawa, ɗan zuma ko dabino guda da aka dama ya isa. Ki sauke, ki jefa ɗan man shanu ki juya, za ki ga sheƙin nan da ake gani a bidiyo. Wadda ba ta son zoɓo ta gwada ruwan tsamiya kaɗan, ko ruwan inabi marar sukari da cokali ɗaya na khal.

Tunda ana maganar kwaikwayo, a bar yayin cin nama da jini-jini a tsakiya. Naman da muke saya a tebur a kasuwa ba kullum likitan dabbobi ya duba shi ba, kuma ta naman shanun da bai dahu ba ake kamuwa da farar tsutsar ciki. Hukumomin abinci na Amurka ma sun ce tsakiyar yankan nama ta kai digiri 63 sannan a bar shi ya huta minti uku, niƙaƙƙen nama kuwa digiri 71. Wadda ba ta da ma'auni ta yanka ta duba, in da ja sosai ta mayar.

Kira na musamman ga matan da ke koyar da girki da Hausa a Facebook da YouTube da makarantun girki na amare: idan kun ɗauko girki daga waje, ku faɗa wa ɗalibanku ƙarara cewa asalinsa da giya ake yi, ku nuna musu abin da za su sa a madadi, ku daina maimaita zancen wuta na cinyewa. Ke kuma amarya, duk kwalbar da ba ki san ta a kicin ɗin mahaifiyarki ba, ki juya bayanta ki karanta tun kina cikin kanti, kafin ki biya kuɗi.