Nauyin wutsiya: lissafin da ke raba injin iska da ƙonewa

Duk mai son haɗa injin samar da lantarki daga iska a gida, hankalinsa yakan tafi ga fukafukai da maganaɗisu da naɗin waya. Wutsiya kuwa sai a bar wa mai walda ya liƙa duk ƙarfen da ya samu. Nan ne ɓarnar take farawa, domin aikin wutsiya biyu ne: ta juya injin ya fuskanci iska idan tana kadawa daidai, ta kuma bar shi ya kauce idan ta yi yawa. Na biyun ya fi wuya.

Idan gudun iska ya ninka sau biyu, turin da take yi wa fukafukai yakan ninka sau huɗu, wutar da za ta iya bayarwa kuma sau takwas. Janaretan da aka naɗa wa waya don iska mai gudun mita 10 a daƙiƙa ba zai jure mita 20 ba. Wayar za ta yi zafi ta ƙone. Wanda ya san iskar da ke gaban hadarin farkon damina, mai ɗage kwanon rufi, ya san irin abin da ake magana a kai. Manyan injuna, kamar guda 37 da aka kafa a Lambar Rimi ta jihar Katsina, suna da na'urorin da ke lura da iska su daidaita kansu. Na gida ba shi da mai tsaronsa sai nauyin wutsiyarsa.

Tsarin da ya fi yaɗuwa tsakanin masu ƙira da hannu shi ne na Hugh Piggott, mazaunin Scoraig a arewa maso yammacin Sikotilan, inda wayar lantarkin gwamnati ba ta kai ba. Da gangan ake ɗora janareta a ɗan gefe da turken da injin ke juyawa a kai, don haka kullum iska ƙoƙarin karkatar da shi take yi. Wutsiyar kuma ba a walda ta ƙam. Ana rataya ta a hinji mai jirkice, kusan digiri 20 daga tsaye. Kamar ƙofar da aka kafa a karkace ce, ko an buɗe ta sai ta koma da kanta. Kafin injin ya kauce wa iska, dole wutsiyar ta naɗe ta hau sama, nauyinta kuma yana hana ta. Sai turin iska ya rinjayi nauyin, sannan fukafukan su ba iska gefe.

Ga lissafin. A ninka faɗin da'irar fukafukai da kansa, a ninka gudun iska da kansa, a ninka sakamakon biyu da juna, a raba da 24. Abin da ya fito shi ne turin iska a ma'aunin kilo. Injin mai faɗin mita 2.4 da ake so ya fara kaucewa a mita 10 a daƙiƙa: 5.76 sau 100, a raba da 24, kilo 24 ke nan. Idan an gusar da janaretan santimita 10 daga tsakiyar turke, ƙarfin karkatarwar ya zama 24 sau 0.1, wato 2.4.

Sai dai ba duka nauyin wutsiya ne ke aiki ba. Jirkicewar digiri 20 tana ba da kusan 0.34 na nauyin, idan kuma an karkatar da hinjin gefe da digiri 45, sai a sake ninkawa da 0.71. Abin da ya rage kusan 0.24 ne, ƙasa kaɗan da rubu'i. A raba 2.4 da 0.24, a sami 10. A raba 10 da tsawon wutsiya, a ce mita 1.2, rabin faɗin fukafukai kamar yadda aka saba, sai a sami kilo 8 da ɗoriya. Wannan ba nauyin wutsiyar gaba ɗaya ba ne. Ana ɗora gindinta a kan wani abu, a sa sikeli ƙarƙashin ƙarshenta, abin da sikelin ya nuna shi ake nufi.

Daga nan mai ƙira yana da zaɓi. In ya ƙara jirkicewar hinji, wutsiya mara nauyi za ta wadatar. In ya ƙara nisan janareta daga turke, sai ya ƙara mata nauyi. Amma hinji da zarar an walda shi an gama, nauyi kuwa ana iya ƙarawa ko ragewa da guntun ƙarfe da noti, shi ya sa gyara yakan koma kan nauyin.

A ganina, kada a ɗauki kilo 8 ɗin nan kamar yankan wuƙa. Fukafukan da ke gudu suna da halin manne wa iska, sukan ƙi kaucewa har sai ta wuce inda lissafi ya ce. Iska mai zafi da ta kan tudu, kamar ta Jos, ba ta kai ta bakin teku kauri ba, turinta bai kai ba. Don haka a fara da wutsiyar da ta gaza lissafin, a sa ido kan mitar da ke nuna wutar da ke shiga batir a ranar iska. Idan injin yana kaucewa tun wutar ba ta kai abin da aka naɗa wayar dominsa ba, a ƙara ƙarfe kaɗan a ƙarshen wutsiya. Asarar wutsiya mara nauyi 'yar wuta ce a ranakun iska mai ƙarfi. Ta mai nauyi kuwa sai an sauke injin daga turke an sake naɗin waya. A kuma walda ƙarfen tsayarwa a hinjin, don kada wutsiya ta naɗe har ta shiga cikin fukafukai, a riƙa shafa wa hinjin giris saboda ƙurar hunturu tana sa shi cijewa.