Ciyar da Dokin Barga: A Ƙasa ko a Raga?

Manomi, ka lura da doki a makiyaya: yakan shafe kimanin awa 14 zuwa 16 a rana yana kiwo, kansa a sunkuye. Wannan sunkuyawa ce ke ba majina da ƙura damar fita daga hanyar numfashinsa. Saboda haka zuba masa ingirici ko harawa a ƙasa ya fi dacewa da halittarsa.

Sai dai daɓen barga yana da nasa haɗarin. Doki zai tattake abincin, ya haɗa shi da fitsari da kashi, ya kwashi ƙwan tsutsar ciki. Inda turke yake kan rairayi kuwa, yashin da yake haɗiya yakan taru a hanji har ya jawo ƙullewar ciki, wadda kan kashe doki.

Raga tana rage ɓarna, tana kuma hana doki mai haɗama cinye rabonsa nan take. Amma idan aka rataye ta sama sosai, ƙura za ta riƙa zuba masa a ido da hanci. Idan ta yi ƙasa, kofato na iya maƙalewa, musamman da yake tana ƙara saukowa in ta zama fanko. Ga harawar gyaɗa ko ta wake ma ba ta da wani amfani, domin ganyen, wanda shi ne mai gina jiki, yakan karkaɗe ya zube.

Shawararmu ita ce a zuba abincin cikin komi ko rabin durom da aka goge bakinsa, a ajiye a ƙasa. Doki mai nauyin kilo 300 yana bukatar busasshiyar ciyawa kilo 5 zuwa 6 kullum, a raba masa sau uku ko huɗu. In tana da ƙura, a yayyafa mata ruwa kafin a ba shi.