Yumɓun da ke jure wuta

Ba kowace laka ce ke jure wuta ba. Maginin tukwane a Dawakin Tofa da hannu yake gane haka: yumɓu mai danƙo zalla yakan tsage wajen gashi, shi ya sa ake cuɗa shi da yashi ko dakakken tsingaro. Tandar waina da kaskon tuya, da kullum suke bisa murhu, su suka fi bukatar wannan haɗin.

Akwai kuma wani yumɓun mai yawan sinadarin alumina, wanda ke jure zafin da ya haura digiri 1,500. Da shi ake buga tubalin da ake jerawa cikin tanderun masana'antun siminti da na ƙarfe. Farar ƙasar Ƙanƙara, a Jihar Katsina, danginsa ce.